Taswirar Google aron gona ce, kar ka dasa mangwaro

Kawuna yana da sito biyu nan Birnin Kebbi, ɗaya Bayan Kara ɗaya can wajen Badariya, sarin kayan masarufi yake, suga da fulawa da taliya da man girki da sabulu da tarkacensu, motocinshi ukku kullum suna kan hanya suna sauke ma masu shaguna kaya tun daga cikin gari har Kalgo, Jega, Bunza, wani satin Argungu, wani satin har Kamba bakin boda. Matsalarshi guda ce kuma ta daɗe tana cinshi: duk shagunan nan cikin kan direbobi suke. Ranar da direba yayi fushi ya aje makulli to ya tafi da rabin kwastomomi cikin kanshi, sabon direba sai ya share wata biyu yana kiran waya, ina ne shagon naku, bayan masallaci ko gaban injin niƙa?

Ni kuma tunda nayi karatun kwamfuta, a gidanmu duk abinda ke da madanni aikina ne, tun daga rimot ɗin talabijin har inbata. Bayan sallar layya ya aika anka kira ni, na iske shi bisa tabarma ƙofar sito da littafin bashi gabanshi.

"Injiniya, kaga wagga taswira ta Google da yaran ga ke bi? So nike kayi mani irinta, tawa ni kaɗai. Ka kwashe dukkan shagunan da ke ciki daga nan har Kamba ka zuba mani, kuma ta riƙa aiki ko babu sabis, ta riƙa yi ma direba magana da Hausa."

Nace "Kawu ai abu mai sauƙi ne, sati ukku in Allah ya yarda."

Bakina ya riga kaina. Abu huɗu ya nema cikin numfashi guda, kuma daga baya na gano kusan duka huɗun akwai layin da ya hana su a rubuce, laifin kuma nawa ne don ni ya kamata in sani. Gaskiya ni ma irin kowa nike, in anka kawo mani dogon rubutun turanci anka ce danna nan in ka yarda, dannawa nike in wuce. Abinda yasa na karanta wannan karon ma kuɗi ne, ina neman in san nawa zan ce ma Kawu ya ware duk wata, daga shafin farashi na faɗa shafin sharuɗɗa, na zauna da shayi nace bari dai in leƙa, sai gani har ƙarfe ɗaya na dare.

Mu fara da kuɗin tunda shi kowa ke fara tambaya. Google ta buɗe ma masu gina manhaja taswirarta tun 2005, shekaru da yawa mutane na sha kamar ruwan rijiyar masallaci. A 2018 anka canza tsari, anka sa mata suna Google Maps Platform, anka ce dole kowa ya samu makullin API, wato wata lamba da Google ke gane manhajarka da ita, kuma ya jona katin banki, in baka jona ba taswirar da ke shafinka sai tayi duhu da wani rubutu bisa kanta mai cewa wannan don gwaji ne kawai, na san da yawanku kun taɓa ganin haka a shafukan makarantu da otal. Lokacin suna bada rangwamen dala 200 duk wata. Daga 1 ga Maris 2025 anka cire wannan, anka koma kowane irin aiki da nashi kason kyauta, ƙananan ayyuka kira 10,000 a wata, wato sau 10,000 manhajarka ta nemi abu wurinsu, matsakaita 5,000, manya 1,000. In ka wuce sai mita ta fara gudu, misali maida adireshi zuwa lambobin wuri dala 5 ne duk kira dubu, buɗe taswira a shafin intanet dala 7. Na lissafa motoci ukku da shagunan Kawu naga ko kusa bamu kai nan. Wahalar da tafi ma ita ce katin, wanda ya tuna 2022 lokacin da bankuna sunka maida abinda katin naira ke iya kashewa waje dala 20 a wata, wasu ma sunka rufe gaba ɗaya, ya san mi nike nufi.

Kenan kuɗi ba shi ne matsala ba. Mu duk tambayarmu nawa ne, ba mai tambayar mi anka yarda in yi da ita.

Cikin sharuɗɗan na Google akwai wani sashe, 3.2.3, nan ne kan maganar. Farkon abinda ke ciki shi ne hana kwasa. Ba ka sauke taswirar da yawa ka aje, ba ka kwafe sunayen shaguna da adireshinsu da sharhin da mutane sunka rubuta kansu ka zuba cikin rumbunka, wato daidai abinda Kawu yace inyi da bakinshi. Kuma ba wai don ka biya ba shikenan, ko kana biyan dubban daloli hukuncin bai canzawa, kuɗin kallo kake biya ba kuɗin mallaka ba. Ko lambobin wuri da ka samu in ka tura masu adireshi, kwana 30 ne iyakar da anka yarda ka riƙe su, bayan nan ka goge ka sake tambaya. Abu guda da sunka ce riƙe har abada shi ne Place ID, wata doguwar lamba da ke nuna wuri cikin littafinsu, ita kuma bata da amfani sai ka koma wurinsu da ita, kamar tikitin ajiyar kaya a tasha.

Da safe na koma wurin Kawu ina ta kame-kamen yadda zan fassara mashi wannan. Allah ya taimake ni shi manomi ne kafin ya zama ɗan kasuwa, har yau yana da fadamar shinkafa. Nace "Kawu, in mutum ya baka aron gona, kana shuka gero?"

Yace "Mi zai hana."

"Kana dasa mangwaro?"

Ya aje biro ya dube ni. "Wa ka dasa icce gonar aro? Ai neman rigima kenan, gobe ɗiyanka suce tasu ce."

Nace to taswirar ga haka take. Ka shiga ka noma ka kwashe amfanin shekara, amma ba ka dasa icce, ba ka gina rumbu, ba ka ɗebi ƙasar ka kai taka gonar, kuma mai ita na iya canza sharaɗi ko ya amshe abinshi in ka saɓa. Yayi shiru sannan yace "To su wa zai gaya masu? Suna Amurka muna Bayan Kara."

Wannan tambayar ba Kawu kaɗai ke yinta ba, rabin 'yan uwana masu kod haka suke tunani, kuma bana cewa akwai wani bature da ya zauna yana kallon Bunza. Amma duk kiran da manhajarka tayi da makullinka take yinshi, makullin kuma jone yake da sunanka da katinka, in dare guda ya tambayi shaguna dubu ashirin a jere ba sai mutum ya gani ba, na'ura ta gani. Kuma sharuɗɗan sun basu damar dakatar da kai. Ka ɗauka ranar da motoci ukku ke hanya cike da kaya taswira ta mutu. Sannan ni abinda yafi damuna, kace ka yarda, ka danna da yatsanka, alkawari ne ko da na'ura kayi shi. Ban iya zuwa in ce ma mutum mai littafin bashi, wanda duk kasuwancinshi bisa amana yake tafiya, mu gina sabon abu bisa cin amanar wani.

Sai maganar aiki babu sabis, wadda ita ce tafi mani ciwo don buƙata ce ta gaske ba son banza ba. Duk wanda ya bi hanyar Kamba ya san akwai wuraren da waya ke zama fitila kawai, in ka matsa bakin boda ma wani lokaci sai ta kama layin Nijar. Abokina da munka yi makaranta, ɗan Gusau, yana bani labarin Satumbar 2021 da anka kashe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya saboda matsalar tsaro, makonni ba kira ba data, duk abinda ke jiran intanet ya zama gawa. To a yanki irin namu manhajar da bata aiki sai da sabis rabin manhaja ce. Kuma abinda ke ruɗa mutane shi ne ita manhajar Google Maps da ke wayarka tana barinka ka sauke yanki ka aje, sai kace to ni ma bari in yi haka cikin tawa. A'a. Wancan su ne sunka yi cikin gidansu, kai ba'a baka wannan izinin ba.

Nace to bari inyi dabara, in ɗauko wuraren daga Google in nuna su bisa wata taswirar kyauta. Shi ma akwai layinshi, ba'a haɗa kayansu da taswirar da ba tasu ba. Nace to in buɗe hoton tauraron ɗan adam nasu in bi hanyoyin ƙauyukan da hannu in zana tawa. Shi ma an ambace shi da sunanshi, bin sawun hanya ko zanen gini daga hotonsu. Muryar Hausa fa? An hana ɗaukar bayaninsu a ba na'urar da ke maida rubutu murya, kuma an hana ka harhaɗa kayansu ka ƙera jagoran tuƙi mai kama da nasu, in kana so akwai kayan haɗa jagoran tuƙi, Navigation SDK, da suke saidawa don wannan. Wallahi kamar wanda ya rubuta abin yana zaune bayana yana jin tunanina, ko da yake gaskiyar ita ce dubban mutane sun riga ni yin wannan wayon shi yasa anka rubuta.

Wani abu da ban zata ba, bari in faɗe shi ko da bai shafi Kawu ba. Akwai jerin ayyukan da sunka kira masu haɗari waɗanda sam ba'a yarda ka dogara da taswirar cikinsu ba, harda aikin agajin gaggawa, da tuƙa jirgin ruwa, da jirgin sama, da mota ko jirgi maras matuƙi. Na tuna duk gasar fasaha da anka yi sai ka samu yara sun kawo manhajar kiran motar asibiti ma mai naƙuda, wani kuma nashi na masu kwale-kwalen Yauri ne, niyya mai kyau, ana tafi ana bada kyauta, kuma duka bisa wagga taswira sunka gina. Ba cewa nike a daina ba, cewa nike a karanta wannan layin kafin a je gaban kwamishina.

Daga nan na juya wurin wata taswirar kyauta, OpenStreetMap, ina murna na samu ta Allah. Ita wani ɗan Ingila Steve Coast ya fara ta a 2004, mutane ne 'yan sa kai ke zana ta, kuma tun 2012 tana ƙarƙashin lasisin ODbL wanda ya yarda ka sauke bayanan duka, ka aje, ka gyara, kayi kasuwanci dasu. Amma nan ma na kusa yin wani kuskuren, don bayanan ne kyauta, kwamfutocin da ke raba su ba kyauta bane, da gudummawa ake riƙe dasu. Hotunan taswira da ke fitowa daga shafinsu an hana ka sa manhajarka ta riƙa jidarsu don ajiya. Mai binciken adireshinsu, Nominatim, kira ɗaya a daƙiƙa shi ne iyaka, kuma ba'a yarda ka jona shi da akwatin nan da ke cike maka suna tun kana cikin rubutawa ba. Dole kuma ka rubuta a fili cewa taswirar ta masu gudummawar OpenStreetMap ce, kamar yadda ba'a yarda ka rufe tambarin Google da madannin manhajarka ba. Mapbox, wani kamfanin taswira, ma da nashi, in ka nemi adireshi da farashi mai sauƙi ba ka ajewa, mai ajewa kuɗinshi daban, kuma su ne a Disambar 2020 sunka canza lasisin manhajar zana taswirarsu har mutane sunka ɓalle da tsohon kod ɗin sunka kafa MapLibre. Kowane gida dai da dokarshi.

Bambancin shi ne OpenStreetMap ta baka ƙasar ka kai gida. Akwai wani kamfanin Jamus, Geofabrik, da ke yanka bayanan ƙasa ƙasa, na sauke na Najeriya, na yanke Kebbi da ɗan gefen Sakkwato, na maida shi fayil guda na cusa cikin manhajar, MapLibre na zana shi. Ko a tsakiyar daji ka buɗe tana buɗewa. Ba zan yi maku ƙarya ba, bata kai ta Google kyau ba a cikin gari, wasu lungunan babu suna, wasu ƙauyukan ɗigo ne kawai. Amma abinda babu kana iya sawa da kanka, da sawun GPS na wayarka ko da hotunan sama na Bing da Esri waɗanda anka yarda a zana daga kansu cikin shafin gyaran taswirar. Abu guda da zasu kore ka a kanshi shi ne ka kwafo daga Google ka zuba masu, wannan basu wasa dashi ko kaɗan, don zai ɓata masu rijiyar duka.

Da Kawu yaji kalmar kyauta ga kowa sai hankalinshi ya tashi. "Kenan kwastomomina kowa zai gansu? Har wancan na bakin tasha?" Wancan na bakin tasha abokin hamayyarshi ne tun ina firamare. Nace a'a Kawu, hanya da gada da sunan gari su ne na kowa, in na gyara su kowa ya amfana. Jerin shagunanka kuma rumbu ne daban, bisa taswirar kawai ake ɗora shi, ba'a cakuɗa su, yana nan naka.

To daga ina jerin zai fito tunda an hana kwasa? Nan ne abin dariyar. Na zauna na bincika shagunan da Kawu ke kai ma kaya cikin Google ɗin da munka so mu kwashe, mafi yawansu ma basu ciki. Mai tebur a Kalgo da bai da allo, shagon da kowa ya sani da sunan mai shi ba sunan shago ba, wa zai sa su? Da na saɓa alkawari na kwaso da otal da gidan mai da kemis zan tara mashi, abinda muke nema tun farko yana cikin kan direbobi da yaran mota. Sai na sa madanni guda babba, kore. Yaron mota in anka tsaya sauke kaya ya tsaya daidai ƙofar shago ya danna, wayar ta ɗauki lambobin wurin daga GPS ɗinta, wanda bai buƙatar data, ya rubuta suna ya ɗauki hoton ƙofa, in sun shigo inda ke da sabis ta tura. Wannan lambar ba ta kowa bace, tamu ce, ba kwana 30 ba ko shekara 30 muna iya aje ta. Na ƙara da Plus Code na kowane shago, wata gajerar lamba mai nuna wuri kamar adireshi, shi ma Google ce ta ƙirƙiro shi amma ta sake shi kowa yayi amfani dashi, lissafi ne kawai, ana iya karanta ma mutum shi ta waya.

Kuma ban rabu da Google ba, kar wani yace na zo yin wa'azin ƙaura. In direba na cikin gari yana son a ja shi lungu lungu, akwai madannin da ke buɗe mashi manhajar Google Maps ta wayarshi da wurin da zashi, wannan hanya ce da su da kansu sunka tanada, bata son makulli bata son kati. Ya gama ya dawo tamu. In kuma kai dole sai ka sa makulli cikin manhajarka, don Allah ka ɗaure shi da sunan manhajar da sa hannunta na SHA-1, wato hatimin da ke shaida manhajar taka ce, ka sa iyakar kira ta kullum, don saƙon gargaɗin kasafi gaya maka kawai yake kuɗi na tafiya, bai tsaida su.

Akwai abu guda da ban sassauta ba ko da Kawu yace ina da tsanani. Jerin da ke nuna ga shago, ga lambar mai shi, ga yawan kayan da yake ɗauka, ga ranar da yake biyan kuɗi, a halin da yankinmu ke ciki ba abin yawo bane cikin kowace waya. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 na nan, amma ko babu ita hankali ya isa. Kowane direba shagunan hanyarshi ta ranar kawai yake gani, babu kuɗi ciki, kuma sai an gaya ma mai shago an nemi yardarshi kafin a danna koren madannin. Mutum biyu sunce basu so, munka barsu.

Sati ukkun da nace ya zama wata huɗu. Muryar Hausa har yau babu, Kawu na tuna mani duk juma'a in munka haɗu masallaci, "Injiniya, har yanzu kurma ce?" nace ana kai Kawu. Yanzu muna da shago ɗari biyu da wani abu, saura hanyar Argungu da bamu gama ba don yaron motar can wayarshi batir ɗinta ya kumbura. Jiya da dare ina duba abinda sunka turo daga Bunza na iske wani an rubuta sunanshi "shagon mai gemu wanda baya bada canji", da hoton akuya tsaye bakin ƙofa. Na kira yaron nace ya gyara, yace Yaya ai duk direbobi da haka sunka san shi, in na sa sunanshi na gaskiya ba mai gane wurin. Na barshi haka nan.